Me Ya Sa Rubutuna Yake Wargajewa Idan Na Kai Shi Shagon Bugawa?

Wata ɗaliba daga Gwale, mai rubuta kundin digiri kan rubutattun waƙoƙin Hausa, ta aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Da hannuna na buga aikina a Word. A kwamfutata komai tsaf yake, amma da na kai wani shago a Kabuga don a fitar min, sai layuka suka kakkarye, kan Babi na Biyu ya dawo tsakiyar shafi, baitocin waƙa kuma suka miƙe kamar an ja su. Ni dai nakan danna Enter idan na zo ƙarshen layi, in danna sifes in tura farkon sakin layi ciki. Malamin da ke duba aikin ya ce ba zai sa hannu ba sai an gyara. Ina matsalar take?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba da sa'a. Ki kwantar da hankalinki, ba sai kin sake buga aikin daga farko ba, kuma mai shagon bai ɓata miki fayil ba. Ciwon yana jikin rubutun tun yana kwamfutarki, zuwa shagon ne kawai ya tona shi.

Abin da nake so ki riƙe shi ne wannan: Word ba ta aiki da layi, da sakin layi take aiki. Inda layi zai ƙare ba hurumin mai rubutu ba ne, ita ce take yankewa, kuma tana duba abu uku ne kafin ta yanke: faɗin takarda bayan an cire gefe, irin harafin da aka zaɓa, da girmansa. Da zarar ɗaya daga cikin ukun nan ya motsa, sai ta sake lissafi tun daga kalmar farko har ta ƙarshe. Idan kin bar mata kalmomi suna bin juna, za ta sake jera su ba wanda zai gane an taɓa. Idan kuwa kin danna Enter a ƙarshen kowane layi, kin gaya mata ke nan cewa kowane layi magana ce mai zaman kanta wadda ba a haɗa ta da ta gaba. To, a kwamfutar shagon layin ya ɗan gajarta, kalma ɗaya ko biyu suka gangaro ƙasa, Enter ɗinki yana biye da su, sai ya yanke layin a nan. Shi ne kika ga dogon layi, gajere, dogo, gajere, har ƙarshen shafi.

Wannan ɗabi'a gadonta muka yi daga tafireta, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka fara koyar da kwamfuta a garin nan a kan tafireta hannunsu ya faɗa. A can dole ne. Ana kusa da ƙarshen layi ƙararrawa za ta buga, mai bugu ya tura hannun keken, takarda ta hau sama ta koma farko. Lanƙwasasshiyar kibiyar da ke jikin madannin Enter ma hoton wannan motsin ne. Haka maganar sifes. A tafireta kowane harafi faɗinsa ɗaya, "m" da "i" wuri guda suke ci. A irin tafiretar da haruffanta suka fi girma, haruffa 10 ne suke cika inci 1, don haka sifes 5 rabin inci ne cif, jiya da yau da gobe. A kwamfuta ba haka ba ne. Times New Roman mai lamba 12, faɗin sifes ɗinsa 3 pt ne (pt shi ne ma'aunin girman harafi da tazara a Word), rabin inci kuwa 36 pt ne. Sai kin danna sau 12 ke nan kafin ki kai, a kowane sakin layi, ba ragi ba ƙari. Ranar da aka canza harafin kuma, duk lissafin ya rushe.

Kafin ki taɓa komai, ki fara buɗe idon Word. A shafin Home akwai wata alama kamar "P" ta juya baya, ¶. Ki danna ta, ko ki haɗa Ctrl da Shift da lamba 8 ta saman haruffa. Nan take za ki ga abin da yake ɓoye. Kowane sifes zai fito a matsayin ɗigo, kowane Tab kibiya miƙaƙƙiya, kowane Enter kuma wannan alama ta ¶. Ba sa fita a takarda, kada ki ji tsoro. Ni ba na yarda in gyara wa kowa aiki alamomin nan suna rufe, don mai gyara a haka lalube yake yi a duhu. Idan kin kunna za ki ga ¶ ta jeru a ƙarshen kowane layinki, ki ga wata tulin ¶ ɗin a tsaye ba rubutu a gabansu kafin Babi na Biyu. Su ne masu laifin.

Alamar nan ta ¶ ba ado ba ce. A cikinta Word take ajiye duk umarnin sakin layin da ta rufe: nawa aka tura shi ciki, tazara nawa ke tsakanin layukansa, hagu ya jingina ko tsakiya. Shi ya sa idan kin goge ta sakin layi biyu suke haɗewa, ɗayan ya rasa tsarinsa ya bi na ɗan'uwansa. Shi ya sa kuma idan kin danna Enter, sabon sakin layin yake fitowa da kamannin na bayansa. Wannan na biyun alheri ne babba: ki tsara ɗaya daidai, sauran su gada.

Tura farkon sakin layi ciki kuwa ga yadda ake yi. Ki zaɓi rubutun, ki danna ɓangaren dama na linzamin kwamfuta, ki shiga Paragraph. Akwai ɗan akwati da aka rubuta Special. Ki zaɓi First line, a gefensa za ki ga 1.27 cm ko 0.5", duk abu ɗaya ne, rabin incin nan na tafireta ne ya biyo mu. Shi ke nan. Ko an canza harafi, ko an canza takarda, ko kin ƙara jimla goma a tsakiya, layin farko yana nan a santimita 1.27. Wasu suna amfani da Tab, kuma ya fi sifes nesa ba kusa ba, tunda shi ma rabin inci yake tsallakewa. Amma Tab harafi ne da kika cusa da hannu, ran da sashenku ya ce a rage ko a cire, sai kin bi su ɗaya bayan ɗaya.

A kundi mai babi biyar ma ban so ki tsaya a zaɓar rubutu kina gyarawa ba. Ki yi salo. A jerin Styles ki ƙirƙiri sabo, ki sa masa suna, ko da "Jiki" ne, ki zuba masa duk ƙa'idar sashenku: harafi, girma, First line, tazarar layi. Duk sakin layin bayani ki ɗora masa shi. Gobe malaminki ya ce tazarar layi biyu yake so ba ɗaya da rabi ba, wuri guda za ki taɓa, kundin gaba ɗaya ya juya. Abin da zan ja kunnenki a kai shi ne kada ki sa First line a cikin salon Normal, wato salon asali da Word take farawa da shi. Sauran salo daga jikinsa suke gado, har kanun babi da rubutun cikin jadawali. Sai ki ga kan babin da kika sa a tsakiya ya ɗan karkata dama, ki rasa dalili. Dalilin shi ne an tura shi ciki kafin a tsakaita shi.

Sai tazarar da ke tsakanin sakin layi da sakin layi. Mutanenmu Enter biyu suke dannawa. A Word 2003 da na gabanta hakan yana da ɗan uzuri, don ba ta barin komai a tsakani. Daga Word 2007 aka sa ta riƙa barin 10 pt bayan kowane sakin layi da kanta, daga 2013 aka mayar 8 pt. Wanda ya ƙara Enter a kan wannan ya yi rami biyu. Kuma ¶ ɗin da ba rubutu a jikinta, Word tana lissafa ta a matsayin cikakken sakin layi, tana iya faɗawa saman sabon shafi ta bar fili ba gaira ba dalili. A akwatin Paragraph ɗin nan dai, ƙarƙashin Spacing, akwai Before da After. A nan ake sa tazara. A ra'ayina, mutum ya zaɓi ɗaya: ko ya tura layin farko ciki ba tazara, kamar yadda littattafai suke yi, ko ya bar tazara bai tura ba, kamar wasiƙar ofis. Duka biyun aiki ɗaya suke yi, su nuna wa mai karatu an shiga sabuwar magana. Amma idan takardar ƙa'idar sashenku ta ce a haɗa, ki haɗa, su ne masu sa hannu.

Yanzu mu zo kan baitoci, don nan ne aikinki ya bambanta da na ɗalibin lissafi ko na tattalin arziki, kuma nan ne Shift da Enter suke da rana.

A waƙa, inda ɗango ya ƙare ba Word ce take da iko da shi ba, sha'iri ne. Karin waƙar da amsa-amonta su suka ce a tsaya a nan. Don haka dole ki karya layi da hannu, amma ba kya so baitin ya tarwatse ya zama sakin layi biyar. Ki riƙe Shift ki danna Enter. Za ki sauko sabon layi, amma kina cikin sakin layin da kike. Alamar da za ki gani ba ¶ ba ce, 'yar lanƙwasasshiyar kibiya ce. A waƙa 'yar ƙwar biyar, ɗango na 1 zuwa na 4 kowanne Shift da Enter, na 5 kaɗai zai sami Enter tsantsa. Baiti guda ya zama sakin layi guda ke nan. Tazarar After za ta faɗo ne tsakanin baiti da baiti kawai, ba tsakanin ɗango da ɗango ba. Sannan a shafi na biyu na akwatin Paragraph, wanda aka rubuta Line and Page Breaks, ki sa alama a Keep lines together. Daga nan ba za a sake raba miki baiti ba, ɗango uku a ƙasan wannan shafi biyu a saman wancan. Mai nazarin amsa-amo yana bukatar ya ga baitin duka a gaban idonsa, wannan ba ƙawa ba ce, cikin aikin ne.

Miƙewar da kika ce baitocin sun yi, sanadinta Justify ne, wato daidaita gefen hagu da dama, wanda yawancin sassa suke nema a jikin kundi. Word tana buɗa tsakanin kalmomi don kowane layi ya taɓo gefen dama, layin ƙarshe na sakin layi kaɗai take ƙyalewa. Layin da ya ƙare da Shift da Enter kuwa ba na ƙarshe ba ne a wurinta, sai ta ja ɗango mai kalma huɗu har bangon dama. Ina kyautata zaton wasu baitocin kin kwafo su ne daga wani wuri da irin wannan karyar layi a jikinsu. Maganin ba wuya: baiti ba a yi masa Justify. Ki jingina shi hagu, Ctrl da L.

Idan kina sa wa baitocin lamba, ga dabarar da na fi so. A Special ɗin nan, maimakon First line ki zaɓi Hanging. Shi akasin wancan ne, layin farko yana bakin gefe, sauran suna ciki. Ki rubuta lambar baitin, ki danna Tab sau ɗaya, ki rubuta ɗangon farko, sauran ki bi su da Shift da Enter. Lambar za ta tsaya ita kaɗai a hagu, ɗangayen kuma su jeru a kan layi ɗaya kamar an sa musu igiyar magini. Ki mayar da wannan salo na biyu, ki kira shi "Baiti". Wuri ɗaya dabarar take gazawa, shi ne waƙa mai dogayen ɗangaye waɗanda ba sa shiga layi guda. A nan ragowar ɗangon za ta sauko ta tsaya daidai da farkon ɗango na gaba, mai karatu ya ɗauka sabon ɗango ne, lissafin ƙwar ya rikice masa. Irin wannan waƙa gara kowane ɗango ya zama sakin layin kansa, After ya zama 0, a sa Hanging, don ragowar ta shige ciki a gane ci gaba ce. Sai ɗangon ƙarshe na baiti kaɗai a ba shi tazara.

Hanging ɗin nan dai shi ne na manazarta a ƙarshen kundi. Tsarin APA, wanda sassa da yawa suke bi, rabin inci ya ce, Ctrl da T suna yi miki shi a take. Tsarin ya kuma ce maganar da aka ciro daga wani littafi idan ta kai kalma 40 a ware ta a tura ta ciki gaba ɗayanta. Wannan da Left ake yi a ƙarƙashin Indentation, ba da Tab a farkon kowane layi ba.

Shift da Enter suna da amfani a wasu wurare biyu. Kan babi mai hawa biyu, "BABI NA ƊAYA" a sama "GABATARWA" a ƙasa, idan kin raba su da shi za su fito a matsayin abu guda a ƙunshiya. Haka cikin jeri mai lamba, idan kina son sabon layi ba tare da sabuwar lamba ta fito ba. Bayan waɗannan, a cikin bayani na yau da kullum, ki nisance shi kamar yadda za ki nisanci Enter a ƙarshen layi. Ɓarnarsu ɗaya.

Kan Babi na Biyu da ya dawo tsakiyar shafi, tulin Enter ne kika tura shi da su. Da rubutun sama ya motsa, shi ma ya motsa. Ki goge su duka, ki sa linzami a gaban kan babin ki danna Ctrl da Enter. Abin da ya fi wannan ma, ki shiga salon Heading 1 ki sa alama a Page break before, kowane babi ya riƙa fara sabon shafi da kansa. Ƙananan kanu kuma Keep with next ne yake hana su zama su kaɗai a gindin shafi bayaninsu yana gaba.

Saura wankin abin da aka riga aka ɓata. Ki fara ajiye kwafin fayil ɗin da wani suna, a kan kwafin za ki yi aiki. Sa'ar da kika yi ita ce sifes ɗin da kika zuba a farkon kowane sakin layi, su ne za su nuna mana inda sakin layi na gaskiya ya fara. Ki zaɓi wani yanki na bayani zalla, ban da kanu, ban da baitoci, ban da jadawali. Ki danna Ctrl da H. A akwatin sama ki rubuta ^p^w, a na ƙasa ki rubuta @@@, ki danna Replace All. Ma'anar ^p alamar sakin layi, ^w kuma duk wani fili na sifes ko Tab. Kin yi wa farkon kowane sakin layi shaida ke nan. Zagaye na biyu, sama ^p, ƙasa sifes guda ɗaya. Duk Enter ɗin ƙarshen layi sun tafi, rubutun zai dunƙule ya zama curi guda, kada gabanki ya faɗi. Zagaye na uku, sama @@@, ƙasa ^p. Sakin layukanki sun dawo, kowanne da Enter ɗaya tak. Sai ki nemi sifes biyu ki mayar ɗaya, ki maimaita har ta ce ba ta sami komai ba, sannan ki ɗora salon "Jiki".

Duk zagaye Word za ta tambaye ki ko ta ci gaba da sauran fayil ɗin. Ki ce a'a. In kin ce e, za ta narkar da baitocinki su koma zube. Ki tabbata kuma ba alama a Use wildcards, don ^p ba ya aiki a akwatin nema idan tana kunne. Rubutun da aka kwafo daga intanet ko WhatsApp wani lokaci da lanƙwasasshiyar kibiya yake zuwa, a nan ^l za ki nema, ƙaramin harafin "L". Wanda kuma ya raba sakin layinsa da Enter biyu maimakon sifes, ^p^p zai sa a zagayen farko. Babi-babi za ki bi, kina dubawa da ido bayan kowanne, musamman inda kika manta ba ki sa sifes ba, don can sakin layi biyu za su manne.

Tunda rubutacciyar waƙar Hausa ba ta rabuwa da aya da hadisi, wataƙila akwai Larabci a aikin. Ki ba shi sakin layinsa daban, ki juya alƙiblar sakin layin daga dama zuwa hagu da madannin da ke fitowa a Home idan an ƙara Larabci a harsunan kwamfutar. Jingina shi dama kawai bai isa ba, ɗigo da baka za su riƙa faɗawa gurbin da ba nasu ba. Idan an juya, turawa ciki ma daga dama take farawa.

Masu rubutu a waya, da marubutan littattafanmu da yawa yanzu haka suke yi, shawarata su rubuta kawai, Enter ɗaya a ƙarshen sakin layi, kada su yi wa farkonsa komai. Tsari a bar shi sai an hau kwamfuta. Mai Google Docs zai sami First line a Format, Align & indent, Indentation options. Mai LibreOffice kuma Ctrl da F10 ne suke nuna masa ɓoyayyun alamomi.

Kafin ki koma Kabuga ki duba girman takarda a Layout, Size. Kwamfutoci da yawa suna zuwa a kan Letter, takardar Amurka, mai santimita 21.59 a faɗi da 27.94 a tsawo. Wadda ake sayarwa a nan A4 ce, 21 da 29.7, ta fi siranta ta fi tsawo. Da mai shago ya mayar A4, layi ya gajarta, kuma ina zargin a nan ɓarnar taki ta fara bayyana. Ki mayar da kanki tun a gida. Ki duba kuma harafin da kika zaɓa yana ɗauke da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, don in babu su Word aro take yi daga wani harafin, kalma ta fito da baƙi guda bare a tsakiyarta. Idan komai ya zauna, ki shiga Save As ki zaɓi PDF. Shi ba ya sake lissafin layi a kwamfutar kowa, yadda kika gan shi haka firinta za ta fitar. PDF ɗin za ki miƙa a shago, fayil ɗin Word kuma ya zauna a wurinki don gyaran da malaminki zai dawo da shi.